Rangadin Dajin Tudu a Ƙasar Illela: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Garin Illela yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kimanin mil 50 arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni. An fi saninsa da babbar kasuwar dabbobi da hada-hadar fatake. Amma a wurare da dama na wannan ƙasa akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara a bisansu, ɗan daji kuma ya lulluɓe su. Wannan takarda tana bayyana amfanin dajin nan, da yadda hakimi zai zaga shi da ƙafa, da abin da malaminsa zai rubuta.

Dalilin da ya sa a ke kula da dajin tudu

Damina a ƙasar Illela gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwanta kuwa yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Inda tudu ya ke da itatuwa, ganye da saiwa suna tsare ruwan har ya nutse, gara kuma tana huda ƙasa tana buɗa masa hanya. Inda aka sare itatuwan, sai wurin ya zama faƙo, ruwa ya gangaro a guje, ya tsaga kwazazzabai cikin gonakin da ke gindin tudu, ya kwashi rairayi ya binne fadama. Watau manomin da bai taɓa hawa tudun ba, shi ne ya ke biyan hasarar sarar da aka yi a kansa.

Tafkin Kalmalo, wanda ke kusa da Illela, abin lura ne a nan. Ruwansa yana fitowa daga tuddan Adar cikin ƙasar Nijar, ya biyo kwarin Majiya. Tun da aka yi madatsun ruwa a kwarin domin noman rani na Ƙonni, abin da ke isowa tafkin ya ragu. Saboda haka ruwan da ya sauka a kan tuddan gida ya ƙara daraja, bai kamata a bar shi ya wuce a banza ba.

Damuwa a kan dajin iyaka ta daɗe. A shekarar 1935 wani masanin daji Bature, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗi cewa hamada tana matsowa kudu. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, ya zaga ƙasashen iyaka a 1936 da 1937. Kwamitin ya ce bai ga hamada tana tafiya da kanta ba, ɓarnar da ya gani ta hannun mutane ce, ta wajen sassabe da kiwo. A ƙarƙashin Dokar Daji ta 1937 En'e-en'e suka riƙa keɓe gandun daji. Bayan gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 aikin ya koma hannun Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi, amma har yanzu hakimi da dagatai su ne idon hukuma a ƙauyuka.

Lokacin fita da abokan tafiya

Gani ya kori ji. Ya kamata a yi rangadin nan sau biyu a shekara: da kaka, wajen Oktoba, sa'ad da ganye bai zube ba, kowace itaciya tana ganuwa da kamanninta, da kuma bazara, wajen Afrilu, sa'ad da ɓarnar gatari da wuta da dabbobi ta fito fili. A fita bayan sallar Asuba, a sauko kafin rana ta take. A tafi da dagacin wurin, da malamin daji, da Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi, da Arɗon Fulanin da ke kiwo a nan, gama kowannensu yana ganin abin da saura ba su gani ba. A bar mota ko doki a gindin tudu.

Hanyoyi iri uku ne su ke hawa irin waɗannan tuddai. Akwai turbar masu itace, wadda ke nuna nisan da mata da yara su ke yi kafin su cika dami. Akwai burtali, inda za a duba ko gonaki sun ci gefensa, domin daga nan rigimar manoma da makiyaya ta ke tashi. Akwai kuma bakin kwazazzabo, wanda in an bi shi zuwa sama zai kai mutum daidai inda ƙasa ta fara lalacewa. Lalle ne a riƙa bin hanya ɗaya kowace shekara, in ba haka ba babu yadda za a gwada bana da bara.

Itatuwan da za a tarar

A kan tudu, inda ƙasa ba ta da zurfi, geza da sabara da taramniya da anza su ne suka fi yawa. Gajeru ne, har wasu sukan raina su, alhali kuwa su ne su ke riƙe da tudun. Da rassan geza a ke saƙa kwanduna da kujeru. Ganyen sabara magani ne sananne a gidajen Hausawa. 'Ya'yan anza kuwa, bayan an jiƙa su an zubar da ɗacinsu, sun ceci mutane da yawa a shekarun yunwa, kamar farin 1973 da na 1984.

A gangare a kan sami aduwa da magarya da kalgo da daƙwara mai ba da ƙaro. A gindin tudu, cikin gonaki da bakin fadama, akwai gawo da bagaruwa da tsamiya da kuka da goriba. Gawo yana da wata hali da sauran ba su da ita: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Don haka ba ya hana gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Da bagaruwa majema su ke jeme fatun awakin Sakkwato da suka yi suna har ƙasashen Turai.

Alamu biyu za su nuna wa hakimi lafiyar daji. Ta fari, ko akwai ƙananan itatuwa a ƙarƙashin manya. Dajin da babu 'ya'ya cikinsa ya kama hanyar ƙarewa, ko da yana da inuwa yau. Ta biyu, tumfafiya: inda ta yi yawa, ƙasar ta gaji.

Namun daji da tsuntsaye

Barewa da gada sun yi wuyar gani a wannan yanki, amma mai fita da sassafe zai iya cin karo da zomo da kurege da bushiya da damo, ko ya ga sawun dila a kan rairayi. Cikin tsuntsaye akwai zabin daji da fakara da kurciya da hasbiya da cilakowa, shamuwa kuma takan iso gab da faɗuwar damina. Waɗannan duka ma'aikata ne marasa albashi: bushiya da zabi suna cin ƙwari da fara, dila yana rage ɓeraye, tsuntsaye suna yaɗa irin itatuwa. Farauta da wuta ita ce babbar abokiyar gabarsu, gama saboda zomo ɗaya a kan ƙone kiwon ƙauye guda. A yi hattara da kububuwa da kunama a tsakanin duwatsu. Kada a hau tudu ba takalmi.

Aikin malamin hakimi

Malami ya keɓe littafi guda domin wannan aiki. A kowace fita ya rubuta kwanan wata, da sunan tudu kamar yadda mutanen wurin ke kiransa, da hanyar da aka bi, da waɗanda suka halarta. Sa'an nan ya zaɓi wurare uku ko huɗu masu alama, kamar babban dutse ko tsohuwar kuka. A kowanne ya auna taki 50, ya ƙidaya itatuwan da ke tsaye iri-iri, da sababbin kututture, da ramukan gawayi. Ya auna faɗin kwazazzabo da taki, ya kuma rubuta namun da aka gani ko aka ga sawunsu. A aika da kwafi ga ofishin daji na ƙaramar hukuma. Shekara uku na irin wannan rubutu sun fi dogon jawabi ƙarfi a gaban hukuma.

Gyaran abin da ya lalace

Maƙwabta sun gwada hanyoyin da suka yi amfani. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin kare gonaki daga iska. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, aka koya wa manoma sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon kututture, sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura, a kiyaye su har su zama itace. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar. A kan faƙo kuwa a kan haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu yana duban sama, su tare ruwa. A Nijeriya an kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa, hakimi kuma yana iya neman irin dashe ta hannun malamin daji.

Gargaɗi

Rangadi ba ya wuce lafiyar masu yinsa. A Nuwamban 2024 rundunar sojan Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullar 'yan bindigar da a ke kira Lakurawa a dazuzzukan iyaka, musamman wajen Tangaza da Gudu. Saboda haka kada a fita sai an shawarci jami'an tsaro, kada a kwana a daji, kada kuma a ƙetare iyaka ba da izini ba. Inda hawa tudu bai yiwu ba, dagaci da Arɗo su kawo labarin abin da suka gani, malami ya rubuta shi a littafin, a ci gaba da ƙidaya daga nan in hanya ta buɗe.