Masu Sauraron Dare

A Damagum na taso ina ganin kawuna yana murɗa rediyonsa bayan isha'i, yana tsallake wani ƙyas-ƙyas da ke tsakanin tashoshi. Ashe irin wannan sautin ne ya taimaki Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1939 gwamnatin Ingila ta karɓe na'urorin aika saƙo na masu sha'awar rediyo, ta ɗauki wasu daga cikin mutanen aikin sauraro. Mutum wajen 1,500 suka riƙa kwana a ɗakunansu suna rubuta saƙonnin Morse na 'yan leƙen asirin Jamus da suke ji a rediyo, suna turawa akwatin gidan waya mai lamba 25 a Barnet, a warware su a Bletchley Park. Abin da ke taɓa zuciyata, an hana su faɗa wa ko iyalinsu.