Olsar da Ba Ta da Gyambo: Ina Ciwon Yake Ɓuya?

Duk mai kemis a unguwar Gwange ta Maiduguri ya saba jin "olsa ce ta tashi". Mutum zai ci loma uku ya ji ya ƙoshi, ciki ya kumbura, ƙirji ya ɗau zafi, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Idan ya dangana da asibiti aka zura masa na'urar leƙa ciki, sau da yawa likita zai ce babu gyambo ko ɗaya. Daga nan dangi su raba hukunci: wasu su ce tunani ne, wasu su ce sammu.

Maiduguri ta daɗe da sanin cewa lamarin ciki ya wuce abin da ido ke gani. A farkon shekarun 1990, wani likita ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, mai maƙwabtaka da Gwange, sun gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka gwada na ɗauke da Helicobacter pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, amma kansar tumbi, wadda ake dangantawa da ƙwayar, ba ta yawaita a yankin ba. Ashe ƙwayar cuta ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Yadda jiki ya tarbe ta ma yana da nasa kaso.

Masu tarbar ta su ne ƙwayoyin garkuwar jiki da ke jibge a bangon hanji. Akwai wasu da ake kira ƙwayoyin mas, masu kama da 'yan jakunkuna cike da sinadarin histamin, wanda shi ne ke sa borin jini da ƙaiƙayi a fata. A 2004, ayarin Giovanni Barbara a Bolonya ta Italiya ya nuna cewa a hanjin masu irin wannan ciwo, ƙwayoyin na matsowa dab da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, kuma iya kusancinsu iya tsananin murɗar. A 2007 kuma Nicholas Talley ya tarar da wasu ƙwayoyin, iyosinofil, sun yi yawa a farkon ƙaramin hanji na masu saurin ƙoshi. Duk wannan sai an gutsuri tsoka an duba ta da madubin likita.

To me ke tsokano su? Wani lokaci gurɓataccen ruwa ne. A watan Mayun 2000, ruwan famfon garin Walkerton na Kanada ya gurɓata, mutum 7 suka rasu, kusan 2,300 suka kwanta. Bayan shekara biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi gudawar na fama da ciwon cikin da ya ƙi tafiya, alhali ƙwayar cutar ta daɗe da barin jikinsu. Binciken Jami'ar Luben ta Beljiyam a 2021 ya ƙara haske: lokacin da hanji ke yaƙi da cuta, garkuwa na iya kuskuren ɗaukar abinci kamar madara ko alkama a matsayin abokin gaba, ta kuma riƙe wannan gaba.

Nan ne batun ya shafi Gwange kai tsaye. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shafe unguwar, ruwa ya haɗe masai da rijiya da maƙabarta. A watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Amai da gudawa kan ja hankali domin suna kisa nan take, amma wanda ya tashi da hanji mai saurin fushi, shi ba ya shiga lissafin kowa. Wannan rashin adalci ne gare shi, don ciwonsa na gaske ne.

Ya kamata likita ya riƙa tambayar mai kukan olsa ko ciwon ya fara ne bayan wata gudawa. Shi kuma majinyaci ya daina ɗirkar Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba da umarnin likita ba, domin suna hargitsa ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko haɗiya na yi masa wuya, ya garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.