Kamanni Uku Na Abubuwa, Da Yadda Zafi Ke Sāke Su

Duk abin da ke da nauyi, kuma yake tare wuri, ana samunsa cikin ɗaya daga kamanni uku da aka fi sani. Akwai daskararre, kamar dutse da gishiri da ƙarfe, wanda ke riƙe da siffarsa ko ina aka ajiye shi. Akwai mai ruwa-ruwa, kamar madara da kananzir, wanda ba shi da siffa sai ta mazubin da aka zuba shi ciki. Na uku kuwa iska ce, watau gas, wadda duk faɗin wurin da ta samu sai ta bazu ta cika shi.

Masana kimiyya sun gano cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. A cikin daskararre suna manne da juna, sai ɗan karkarwa kawai suke yi a inda suke. A cikin ruwa suna kusa da juna, amma suna zamewa. A cikin iska sun watse, kowace ta kama gabanta. Zafi shi ke ƙara musu motsi, sanyi kuma ya rage shi. Don haka ne man ja ke daskarewa da safiyar hunturu, ya narke in an kai shi rana.

Ruwa shi ne misali mafi kusa. Yana zama ƙanƙara a digiri 0 bisa ma'aunin Salsiyas, ya tafasa ya zama tururi a digiri 100 a gari na bakin teku kamar Ikko. A Jos kuwa, inda ƙasa ta yi tudu wajen mita 1,200, nauyin iskar da ke danne ruwan ya ragu, sai ya tafasa tun wajen digiri 96. Ba kuwa lalle sai ya tafasa yake zama iska ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska sannu a hankali, yana tafiya da zafin da ke ciki, shi ya sa ruwan randa ke da sanyi. Matan Keana a Jihar Nasarawa da na Okposi a Jihar Ebonyi sun daɗe da sanin wannan sirri tun kafin ya shiga littafin makaranta: sukan dafa ruwan gishiri har ruwan ya tashi, gishirin ya zauna a tukunya.

To, a nan ne yara, har da manya da yawa, ke yin kuskure. Sukan zaci abin da ya ɓace wa ido ya ƙare ke nan. Alhali kama kawai ya sāke, yana nan da nauyinsa da halinsa. Fetur da aka bari a buɗe cikin ɗaki ba ya bukatar wuta kafin ya zama iska. Tururinsa ya fi iskar ɗaki nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa, ya malala har ya tarad da risho ko fitila a can gefe, wuta ta biyo shi zuwa galan. Ajiye fetur a ɗakin kwana ganganci ne.

Haka kuma gas na girki. A cikin tukunyarsa ruwa ne, domin an matse shi da ƙarfi. Wanda ya ɗan jijjiga tukunyar zai ji motsinsa. Da zarar ya fito sai ya kumbura wajen ninki 250, shi ma ya kwanta ƙasa. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa warin nan mai tayar da hankali don a gane in yana yoyo. Yaron da ya ji wannan wari kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki. Ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fita waje, sa'an nan ya kira babba ya rufe kan tukunyar.