Bakwai Ga Nuwamba: Ranar Mata Biyu

In kika duba littafin tarihi kan ranar 7 ga Nuwamba, abin da za ki fara cin karo da shi shi ne juyin juya halin Rasha na 1917, ranar da Lenin da jama'arsa suka ƙwace mulki. Ana ce masa juyin Oktoba saboda a tsohuwar kalandarsu ranar 25 ga Oktoba ce. To, mu yau mata za mu duba.

A wannan rana ta kaka, a shekarar 1867, aka haifi Marie Curie a birnin Warsaw na ƙasar Poland. A lokacin jami'ar garinsu ba ta ɗaukar mata, ga shi gidan babu kuɗi. Sai ita da yayarta Bronya suka yi wani irin adashi na karatu. Marie ta tafi aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayar kuɗi ta karanta likitanci a Paris. Da yayar ta samu gindin zama, ita ma ta ɗauki kwasarta, ta isa Paris a 1891. Wallahi wannan wurin ya fi burge ni a labarinta. Daga baya ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 tare da mijinta Pierre da wani masani, a 1911 kuma ita kaɗai. Sinadarin radiyom da suka gano ya buɗe hanyar gashin cutar daji, amma tururinsa ya lalata mata jini, ta rasu a 1934.

Shekara 11 cif bayan haihuwarta, ranar 7 ga Nuwamba 1878, aka haifi Lise Meitner a Vienna. Kusan shekara 30 tana bincike tare da Otto Hahn a Berlin. Da yake asalinta Bayahudiya ce, dole ta gudu daga Jamus ta Hitler a 1938. Tana can gudun hijira a Sweden ita da ɗan 'yar uwarta suka bayyana yadda ƙwayar zarra ke tsagewa. Da aka zo ba da kyautar Nobel ta 1944, Hahn kaɗai aka kira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Sai a 1997, ta yi shekara 29 da rasuwa, aka tabbatar da sunanta a kan sinadari na 109.