Lakabin Faifai da Shaidar Doya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar doya ta Agyaragu, a kan hanyar Lafia zuwa Makurdi, a lokacin da ake lodin manyan motoci, ya ga yadda kowane falke yake sa wa doyarsa shaida kafin a gama ta da ta sauran jama'a, domin mota guda takan ɗauki ƙwarya da yawa ta mutane daban-daban, kuma idan an isa masauki babu alƙalin da zai raba gardama face wannan ɗan zane. Ba a tambayar a wane lungun mota doya ta kwana. Shaida ake dubawa. To, a kan wannan ƙa'ida ce manyan kwamfutocin kamfanin IBM, waɗanda bankuna da ma'aikatun gwamnati na ƙasashe da dama suke ajiye hisabinsu a ciki, suke gane faifansu.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, a shekarun 1960 masanan IBM na cibiyar Kambirij ta Amurka suka ƙago hikimar da za ta sa kwamfuta ɗaya ta haƙiƙa ta kasu zuwa kwamfutoci masu yawa na majazi, kowane mai aiki yana zaton shi kaɗai ne da na'urar, alhali ɗaruruwa ne suke tarayya a kanta. A 1972 aka fito da wannan tsari da sunan VM/370, jikansa kuma, wato z/VM, yana nan yana aiki har yau. Da yake faya-fayan ajiya ba su isa a ba kowa nasa ba, sai ake yanka faifai guda gunduwa-gunduwa kamar yadda ake rabon gonar gado, ana auna shi da ma'aunin da suke kira silinda. Faifan 3390 samfuri na uku, alal misali, silinda 3,339 gare shi. Akwai daftari da ake rubuta rabon kowa a ciki: wane, gonarsa ta fara daga silinda kaza, faɗinta kaza, a kan faifai mai lakabi kaza.

Wannan lakabi bai wuce harafi shida ba, kuma a rubuce yake a jikin faifan kansa, can a silinda ta farko wadda lambarta sifiri ce. Saboda haka ma'aikaci mai hankali ba ya fara rabon kowa daga sifiri sai da dalili mai ƙarfi, yakan fara daga ɗaya, don kada mai gona ya zo share gonarsa ya haɗa da shaidar faifan baki ɗaya, a wayi gari daftari yana kiran sunan da babu mai amsawa.

Amma fitina mafi girma, a ganina, daga taka-tsantsan take fitowa, abin da kuwa ya sa ta fi wuyar ganewa ke nan. Ma'aikaci mai tsoron asara yakan kwafe faifai dungum zuwa wani don ajiya, da kayan aiki irin su DDR, shi kuwa wannan kwafi ba ya barin komai, har lakabin yake ɗaukowa, sai a sami faifai biyu suna amsa suna ɗaya, ɗaya mai hisabin yau, ɗaya mai na watan jiya. Muddin na'ura tana tafiya ba a jin komai. Sai ranar da aka kashe ta aka sake tayarwa, ta bi faya-fayan tana karanta lakabinsu, ta tarar da tagwaye. A nan takan riƙi wanda lambar mazauninsa a jikin na'ura ta fi ƙanƙanta, ta rubuta gargaɗi layi guda a cikin ɗimbin saƙonnin da suke wucewa a allo, ta ci gaba da harkarta. In tsautsayi ya sa kwafin ne a ƙaramar lamba, jama'a za su wuni suna rubutu a kan tsohon littafi, kowa yana ganin gonarsa a inda ya santa, sai dai shukar ba ta bana ba ce.

Malaman hadisi sun sha wannan wahala tun da daɗewa, har suka keɓe fanni guda don maruwaitan da sunansu da na ubanninsu suka zo ɗaya alhali mutane ne daban, Alkhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kansa. Su kam suna da basirar duba zamanin mutum da shehunansa da almajiransa kafin su yanke hukunci. Na'ura ba ta da wannan ijtihadi. Zahirin harafi shida kawai ta sani.

Shi ya sa ƙwararru ba su ɗaukar kwafi ya kammala sai an sauya masa lakabi nan take, da kayan aiki irin su CPFMTXA ko ICKDSF, ko kuwa a rubuta a takardar tsarin na'ura cewa kada a taɓa wannan mazauni a lokacin tayarwa. Haka kuma lakabin da IBM take aiko da tsarin da su, irin su 610RES na tsohuwar fitowar z/VM ta 6.1, kowa a duniya irinsu yake samu, don haka ma'aikatar da take da na'ura biyu masu ganin faifan juna takan raɗa nata, harafin farko ya nuna na'ura, na tsakiya aikin faifan, na ƙarshe lambarsa. Sauya lakabin kansa aikin ƙiftawar ido ne. Abin da yake cin dare shi ne bin daftari da takardar tsari layi-layi ana gyara duk inda tsohon sunan ya bayyana, domin layi ɗaya da aka tsallake ya isa ya hana mai gona shiga gonarsa da safe.