Wa ya cika wasiyyar Baba? A rubuta kada a manta

Jama'ar Ɗan Gulbi, da 'yan uwa mazauna Kano, Agadas da Libiya, ga wata magana. Tsoho kan bar wasiyya a yi masa hajji ko sadaka daga sulusin dukiyarsa. Shekaru su shuɗe, na gida na zaton na waje ya cika, na waje na zaton na gida. Nauyi kuwa yana wuyan magada.

A Amurka, mabiya cocin Mormon kan ajiye lissafin ibadun da suka yi wa kakanninsu a shafin FamilySearch. Mu littafi ɗaya ya ishe mu: sunan mamaci, abin da aka yi masa, shekara, wanda ya yi, da shaidu biyu. A ɗauki hoto a tura wa dangi ta WhatsApp. Salula kan ɓace, don haka liman ma ya riƙe kwafi.