Haɗarin Da Ba A Rubuta Ba, Ba A Yi Masa Magani

Maganar yau a kan yaranmu ce masu kora shanu a ƙafa, da masu bin garke da keke a gefen kwalta.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Cikin kowane 100, mutum 23 masu tafiya a ƙasa ne, 6 masu keke. In mota ta ƙara gudu daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi. To, ina ga tirela cike da kaya, da dare, a hanyar Kupela zuwa Tenkodogo da Bitu?

Hukuma dai ba ta gyara wuri sai ta ga lissafi. A 2015 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa sun haɗa kai da ƴan sandan Wagadugu, ana sa alamar kowane haɗari a taswira, har aka gane wuraren da suka fi cin mutane. Wannan a birni ke nan. A ƙauye kuwa mu ne ke ɓata lissafin: a buge yaro, a sasanta da direba a bakin hanya, a ce ƙaddara ce, a wuce. Jandarma bai rubuta ba, ONASER, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 2008, ba ta ji ba. Shi ke nan, ba allon gargaɗi, ba tudun rage gudu.

Saboda haka kowane haɗari a kira jandarma a lamba 16, ƴan kwana-kwana a 18. Ƙungiya kuma ta buɗe littafi a nan Tamfuy: wuri, rana, lokaci, irin motar. In ya shekara za mu gane ko magariba ce ta fi cutar mu, ko ranar kasuwar Puytenga, mu je gaban hukuma da hujja a hannu.

Kafin nan, kowane maigida ya saya wa yaransa tocila da riga mai ƙyalli. Mai tafiya shi kaɗai ya bi hannun hagu yana fuskantar mota, mai keke ya riƙe dama da jar fitila a baya. Kada a tsallaka da garke a lanƙwasa. A sami miƙaƙƙen wuri, mutum guda gaba, guda baya.

Jama'a, sa in ya mutu akan sayi wani, ɗan mutane fa? Amana ce iyayensu suka ba mu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.